Yanda na bi ganyen shayi tun daga gona har cikin kofi a wani ƙauyen Japan

Karatu ne ya kawo ni Kyoto ba noma ba, amma akwai wani abokina ɗan ƙasar da muke sashe ɗaya a makaranta, kawunsa manomin shayi ne a wani gari da ake ce wa Wazuka, kuma duk shekara in lokacin yankan farko ya matso sai su rasa masu kama musu aiki saboda samarin garin yawanci sun watse birni. Shi ne yace min in ina da ra'ayi mu je tare lokacin dogon hutun nan na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da suke kira Golden Week, ba biyana za a yi ba amma akwai abinci da wurin kwana da shayi iya shanka. Nace masa ai ko ba abincin zan je, dan ni tun tasowata mai son shayi ne kuma ban taɓa ganin itacen da idona ba.

Wazuka babu tashar jirgin ƙasa, sai ka sauka a tashar Kamo sannan ka hau bas ta shiga da kai cikin duwatsu. Kana shiga kwarin zakaga tuddai gaba ɗaya an lulluɓe su da layukan shayi, an aske saman su sumul, wasu sun hau har can ƙololuwa inda ko tsayuwa zakayi sai ka dafa ƙasa. Kusan shekara 800 kenan ana noman shayi a wajen, kuma shayin nan da yayi suna da sunan garin Uji, kaso mai tsoka na ganyensa daga nan yake fitowa, kusan rabin abun da lardin Kyoto ke nomawa.

Kawu (haka nima na dinga kiransa, kuma yana amsawa) ya haura saba'in, shi da matarsa da ɗansu guda da ya ajiye aikin kamfani a Osaka ya dawo gida, su ukun nan ne ke riƙe da komai. Gonar ma ba a haɗe take ba, ɗan fegi nan ɗan fegi can, wani a gindin dutse wani sai an shiga mota an kutsa daji. Ya jima da daina feshin maganin ƙwari da zuba takin zamani. Muna cin abincin dare na tambaye shi dalili, abokina yana fassara min inda Japanancina ya gaza, sai ya faɗi wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba, wai ganyen shayi ba a wanke shi. Daga gona sai tururi, sai murza, sai busarwa, sai leda, ruwan farko da zai jiƙa shi shi ne wanda zaka sha. Bai ce maƙwabtansa masu feshi cutar mutane suke ba, yace akwai doka akan yawan maganin da kuma kwanakin da za a bari kafin a yanka, kuma suna bi, shi dai hankalinsa ne ya fi kwanciya a haka.

Da gari ya waye safar hannu aka miƙo min da ɗan ƙaramin lauje. Aikin da ya fi cin lokaci a gonar da ba a feshi shi ne ciyawa, kuma ba ta tsakanin layuka kaɗai ba, wannan ai mai sauƙi ce, masu wahalar su ne masu yaɗo da suke tsirowa a gindin itacen su nannaɗe rassa su leƙo ta sama. Akwai wata doyar daji mai siririn yaɗo, akwai wata gajeriyar ciyawa dangin gora da suke kira sasa, ga wasu da ban san sunansu ba. Injin yanka bai san shayi ba bai san ciyawa ba, duk abun da ya tarar a sama kwashewa yake, in ganyen wata ciyawa ya faɗa buhu toh ya shiga tururi kenan ya ɓata ƙamshin zubi guda sukutum. Dan haka kafin a yanki layi sai mutum ya bi shi da ƙafa daga farko har ƙarshe, ya zura hannu cikin duhun itacen har kafaɗa yana laluben tushen yaɗon, saboda in ta sama kawai ka tsinke kafin kace me ya dawo. Gwaggo, matar Kawu, ita ta koya min. Ƙaramar mace ce bayanta har ya ɗan ranƙwafa, ba ta magana in tana aiki, sai dai ta kama hannuna ta ɗora akan tushen ta nuna min in murɗa tukunna sannan in ja a hankali kar ya katse a cikin ƙasa. Har busassun ganyayen itatuwan daji da iska ta zubo a saman layi sai an tsince su ɗaya bayan ɗaya. In yamma tayi bayanka da gwiwoyinka sai sun gaya maka, kuma wannan aikin haka suke yinsa tun daga bazara har sanyi ya shigo.

Cikin itacen kuwa cike yake da rai, gizo-gizo da saƙarsu, ƙoƙi-ƙoƙi, ƙananan kwaɗi koraye, kuma Kawu baya yarda a kashe ko ɗaya dan su ke cinye ƙwarin da ke tsotsar ganye. A yankan farko ƙwari basu cika damu ba saboda gari da sauran sanyi, tashin hankalin sai damina tasu ta sauka wajen Yuni da Yuli, lokacin ne ƙwari ke yawa ga kuma wata cuta da ke sa ganye yayi tabo ruwan ƙasa ya zube. Irin shayin da aka fi nomawa a Japan shi ne Yabukita, wani manomi a lardin Shizuoka mai suna Sugiyama Hikosaburo ne ya zaɓo shi a 1908, aka yi masa rajista a 1953, yanzu mafi yawan gonakin shayin ƙasar shi ne, yana jure sanyi yana bada ganye mai kyau, sai dai baya jure wannan cutar ta tabo. Mai feshi ba ruwansa, feshi zai yi ya wuce wurin, amma Kawu dole ya nemi wata dabarar. Yana aske rassan sosai bayan yanka dan iska ta ratsa, ya dasa wani iri mai suna Benifuki da yake da juriya, sannan ya ƙi tumɓuke wani tsohon fegi da kakansa ya shuka daga ƙwaya, wanda suke kira zairai, kowane itace da kalar ganyensa da lokacin tohonsa, ba ya bada yawa amma saiwarsa tayi nisa cikin ƙasa. Sabon dashe kuma sai ya shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara morarsa sosai, kaga canza iri ba abun da ake yi da gaggawa bane ga mutum mai shekaru irin nasa.

Takinsa tunkuzar wata ƙwaya ce da suke matse mai da ita, natane, sai garin kifi, sai doguwar ciyawa da ake yankowa a bakin daji lokacin kaka a busar a shimfiɗa tsakanin layuka, ta riƙe laima ta danne ciyayi ta ruɓe ta zama taki. A Shizuoka wannan shimfiɗa ciyawar tsohuwar al'ada ce har hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan gadon noma a 2013. Amma ƙasa mai kyau tana tara tana, ita kuma tanar tana jawo aladen daji, wata safiya mun tarar sun tone tsakanin layuka uku kaca-kaca, muka ɗau shebur muka maida ƙasar.

Wani abu da Kawu bai ɓoye min ba shi ne asarar da ke ciki. Shayin da aka ɗura wa takin zamani ganyensa ya fi duhun kore, ya fi yawa, kuma ya fi wannan ɗanɗanon mai kauri da dillalai ke nema a wajen gwanjo, nasa kuwa in ya kai can ƙasa-ƙasa ake taya shi. Shi yasa ya daina kaiwa, ɗansa ya buɗe musu shafi a intanet suna sayarwa kai tsaye ga masu sha. Sannan ba kowa ne zai rubuta a jikin leda cewa shayinsa oganik ne, wato ba feshi ba takin zamani, ba, tun 2001 doka ta hana sai wanda ke da shaidar JAS, wani koren tambari ne mai ganye a jiki. Ga itacen da ke daɗewa irin shayi sai gona ta shekara uku ko fiye ba a sa mata haramtaccen magani ko takin zamani ba kafin yankan da za a liƙa wa tambarin, kuma duk shekara mai bincike zai zo ya duba gona da injuna da takardu, kai ne kuma zaka biya kuɗin zuwansa. Ɗan Kawu ya nuna min fayil ɗin, wallahi ko wane buhun taki da ranar da aka zuba da fegin da aka zuba duk a rubuce, harda layukan bakin iyaka da suke kusa da gonar mai feshi, waɗannan dabam ake yankansu dan iska na iya kwaso maganin. Akwai ƙananan manoma da basa feshi sam amma basu da tambarin saboda kuɗin da wahalar rubutun sun fi ƙarfinsu.

Toh sai maganar lokacin yanka. A al'adarsu ana ƙirga kwana 88 daga ranar da tsohuwar kalandarsu tace bazara ta kama, yakan faɗo 2 ga Mayu, suna cewa shayin da aka tsinka ranar yana ƙara lafiya da tsawon rai. Kawu dai ba kalanda yake kallo ba, kullum da safe sai ya zagaya ya damƙi toho a tafin hannunsa ya ji laushinsa ya ƙirga ganye nawa suka buɗe, in aka yi saurin yanka ba auki, in aka makara kwana biyu uku ganye yayi tauri daraja ta faɗi. Babban abun tsoronsa a makonnin nan shi ne daren da sama ta washe iska ta tsaya, sanyi ya kwanta a ƙasa raɓa ta daskare akan sabon toho ta ƙone shi baƙi ƙirin, aikin shekara ya tafi a dare ɗaya. Shi yasa zakaga dogayen turaku a cikin gonaki da fanka a samansu tana kallon ƙasa, in sanyi ya kai wani mataki da kansu suke tashi su turo iskar sama mai ɗan ɗumi zuwa kan ganyen. Wani dare naji rurinsu daga cikin ɗaki, na kuma ji Kawu ya buɗe ƙofa ya fita da tocila, bai dawo ba sai wajen asuba lokacin na tashi sallah.

Wasu layukan an rufe su da baƙar raga. In rana bata samu ganye sosai ba, sinadarin da ke bada zaƙi da gardi, tiyanin, yakan zauna a ganyen maimakon ya rikiɗe ya koma mai bauri. Rufin sati ɗaya zuwa kwana goma shi ke bada irin shayin da suke kira kabusecha, in ya kai wajen kwana 20 ko fiye shi ne na gyokuro da kuma ganyen da ake niƙawa ya zama garin shayin da ake kira matcha. Yawancin na Kawu dai a buɗe yake barinsu su sha rana, wato sencha.

Ranar yanka sai da muka jira raɓa ta bushe. Gwaggo ta fara nuna min tsinkar hannu a tsohon fegin nan, kan toho ɗaya da ganye biyu na ƙasansa, kuma ba da farce ake datsewa ba, lanƙwasawa ake da cikin yatsa har ya ɓalle da kansa dan farce yana sa bakin yayi ja. Mun yi awanni amma abun da ke kwandon bai taka kara ya karya ba, nan na gane dalilin da yasa shayin tsinkar hannu yake da tsadar da yake da ita. Sauran gonar da inji ne, wani mai lanƙwasasshen baki da mutum biyu ke riƙewa, ɗaya ta wannan gefen layin ɗaya ta wancan, suna tafiya tare inji na yanka yana hura ganyen cikin dogon buhu ta baya. Ni aka ba riƙon buhun. Kawu da ɗansa basa ko kallon juna amma takunsu ɗaya, in ɗaya ya sauke hannu kaɗan inji zai ci tsohon ganye da itace, in ya ɗaga kuma ya bar rabin tohon, ga gangara ga santsin ciyawa. Buhu na cika sai in saɓa a kafaɗa in gangara da shi wajen 'yar ƙaramar a-kori-kurar da ke inuwa, ba a danna shi ba a ɗora wani akan wani, saboda ɗanyen ganye in ya taru zafi yake ɗauka da kansa, in ka zura hannu tsakiyar buhun zakaji ɗumi. Da rana Gwaggo ta kawo curin shinkafa da gasasshen kifi a ciki, tun ranar farko da ta ji abubuwan da bana ci ta daina sa giyar girkinsu a abincin gidan gaba ɗaya, ta kuma ware min wata tabarma mai tsafta a mota dan sallar azahar. Allah ya saka mata da alheri.

Daga gona kai tsaye sai wajen sarrafawa, ba zama. Rumfa ce a bayan gida da injuna a jere, tsofaffi amma a goge tsaf, ƙaramin layi ne mai ɗaukar kilo 35 na ɗanyen ganye a zubi ɗaya, na manyan masana'antu yana ɗaukar 120 har 240. Dalilin saurin shi ne ganye da zarar an yanke shi yake fara canzawa, in aka barshi zai yi ja, hanyar da ake bi kenan a samu baƙin shayi irin na masu shayin bakin titi, itacen ɗaya ne. Mai son kore dole ya tsayar da wannan canjin da zafi. A Chaina yawanci soyawa suke a kasko, a Japan turarawa ake, kuma duk bambancin kala da ƙamshi daga nan ya faro.

Turarawar bata wuce daƙiƙa 30 zuwa 40 ba a wajen Kawu, wasu yankunan kamar Shizuoka suna kaiwa minti ɗaya zuwa biyu, nasu ganyen yakan farfashe ruwan ya fito kore shar mai duhu. Amma waɗannan 'yan daƙiƙun su ne wajen da Kawu baya barin kowa ya tsaya masa. Yana tsaye a bakin injin, ganye na fitowa yana tururi sai ya dumbuza ya kai hanci ya lumshe ido, ya murza a yatsa, ya je ya ɗan taɓa wani abu a jikin injin ya dawo ya sake shinshinawa. Ya miƙo min nima, na farko warin ɗanyar ciyawa ne ke tashi, na bayan da ya gyara kuwa warin ya tafi wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya maye gurbinsa. Yace ganyen safe da na yamma ba ɗaya bane, na fegin rana da na fegin inuwa ba ɗaya bane, ko wane zubi sai an sake saurarensa.

Bayan an huce shi da iska sai injin farko, mai wasu hannaye a ciki da suke ɗaga ganyen suna matsa shi iska mai zafi na busawa, wajen minti 45. Abun mamaki duk zafin iskar ganyen kansa ba a so ya wuce ɗumin jikin mutum, digiri 34 zuwa 36, Kawu ya kama hannuna ya cusa cikin ganyen yace in riƙe wannan ɗumin a kaina, in ya fi haka kala ta tafi. Na biyu babu wuta, nauyi ne kawai ke danne ganyen yana juya shi dan ruwan da ke cikin tsinken ya fito ya daidaita da na ganyen. Na uku ganga ce mai juyawa ta ƙara busar da shi ta warware curin. Na huɗun shi na fi tsayawa kallo, wani hannu ne ke kai da kawo akan faranti mai tsaga-tsaga yana murza ganyen gaba da baya, Kawu yana matsar da nauyi kaɗan kaɗan, a gaban idonka ganyen da ke a cukurkuɗe zai miƙe ya zama siriri kamar allura yana sheƙi. Daga nan sai busarwa ta ƙarshe har laimar ta sauko wajen kashi 5 cikin ɗari. Tun daga tururi zuwa nan awa huɗu ne ko kusa, kuma kilo biyar na ɗanye kilo ɗaya yake komawa. Duk buhunan da na yini ina saɓawa, da aka gama abun da ya fito mutum ɗaya zai ɗauke shi a tafiya biyu.

A kusurwar rumfar akwai wani tsohon tebur da aka manne samansa da takarda mai kauri, ana hura wuta a ƙasansa, a kai ake murzawa da hannu kafin zuwan inji. Wannan hanyar ta turarawa da murzawa ana busarwa wani manomi ne mai suna Nagatani Soen ya daidaita ta a 1738 a Ujitawara, garin da ke bayan dutse daga Wazuka, injunan nan duk motsin hannun mutum suke kwaikwaya. Ba mu kwanta ba sai bayan sha biyun dare, dan in an gama sai an kankare duk abun da ya manne a cikin injuna kafin ya bushe, gobe kuma a sake.

Abun da ya fito ranar sunansa aracha, wato bai gama ba. Daga baya ake tankaɗe shi a ware tsinke dabam gari dabam, a ɗan ƙara gasa shi sama-sama dan ƙamshi ya tashi ya kuma jure ajiya. Ba abun da ake zubarwa, tsinken shayi ne mai zaman kansa, garin ma haka, manyan ganye masu tauri kuma a gasa su sosai su koma ruwan ƙasa, shi ne hojicha da ake ba yara da tsofaffi da dare.

Amma Gwaggo bata jira wannan ba, a daren ta ɗebo daga zubin farko ta haɗa mana. Ta tafasa ruwa, ta zuba a kofunan tukunna ta barshi ya huce zuwa wajen digiri 70, ta sa ganye kamar cikin ƙaramin cokali ga ko wane mutum a 'yar butar ƙasa mai mariƙi a gefe, ta juye ruwan kofunan a kai ta rufe. Minti ɗaya, bata girgiza ba bata juya ba. Sannan ta dinga zubawa kaɗan a wannan kofin kaɗan a wancan tana dawowa dan ƙarfin ya zo ɗaya, har ɗigon ƙarshe sai da ta jira ya sauka. Ruwan ba kore shar bane, ɗorawa-ɗorawa ne garau. Kurɓar farko wani gardi naji mai kama da romo marar nauyi, sai ɗan bauri ya biyo baya, bayan na haɗiye kuma zaƙi ya dawo ta maƙogwaro ya daɗe, ba sukari ko ƙwaya. Zubi na biyu ruwan ya fi zafi kuma nan take ake tsiyayewa, na uku ya fi shi zafi. Da aka gama ta juye ganyen a faranti, ya buɗe ya koma kore kamar yanzu aka tsinko, ta barbaɗa gishiri muka cinye.

Mu da muka taso da ataya dole sai mun sauke abun da muka sani kafin mu ji daɗin wannan. Namu ganyen na Chaina ne soyayye murɗaɗɗe, yana jure a ɗora shi akan gawayi ya tafasa ya sake tafasa a zuba sukari a ɗaga buta sama har yayi kumfa, kuma ni har gobe ina sonsa. Sencha kuwa in ka tafasa shi bauri da ɗaci kawai zaka samu, ka yi asarar kuɗinka ka kuma ce shayin Japan ba daɗi. Na ɗanɗana na manyan shaguna a Kyoto masu kauri sosai a baki, na Kawu bai kai su kauri ba gaskiya, amma ƙamshinsa ya fi fita kuma baya gundura, shi nake iya sha safe da yamma.

A lokacin giram 100 na irin wannan shayin ana samunsa daga yen (kuɗin Japan) 1,000 zuwa 2,000, wani ya fi haka, kuma bayan abun da na gani ban ƙara jin yayi tsada ba. Kasuwar ma tana canzawa, duniya ta raja'a akan matcha, a 2024 koren shayin da Japan ta fitar waje ya kai na yen biliyan 36.4, manoma da yawa a Wazuka sun koma rufe gonakinsu dan yin ganyen matcha saboda ya fi kuɗi. A shekarar ce kuma lardin Kagoshima ya wuce Shizuoka a yawan shayi karo na farko, tan 27,000 da tan 25,800, saboda a Kagoshima fili ne shimfiɗaɗɗe mutum ɗaya zai hau inji ya yanke gona guda. A gangaren dutse irin na Kawu wannan injin bazai hau ba, sai ƙafa da kafaɗa, shi yasa in tsoho ya gaji ba magaji gonar take komawa daji, na ga irinsu da yawa itacen shayi ya fi mutum tsayi yaɗo ya cinye shi, abun yana taɓa zuciya.

Na koma lokacin yanka na biyu, wanda ke zuwa kwana 45 zuwa 50 bayan na farko, ga zafi ga laima. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro kore da suke kira unka ya tsotsi tohon duk ya ƙanƙance ya yi rawaya-rawaya, in sencha za a yi da shi ba zai yi kyau ba. Sai naga ɗan Kawu bai damu ba, yace ganyen da unka ya ciza in aka barshi ya yi yaushi aka murza aka barshi yayi ja, baƙin shayi yake bayarwa mai ƙamshin zuma, kuma mai feshi bazai samu wannan ba tunda ya kashe ƙwaron. Mun sha, ƙamshin yana nan kuwa, kuma yace yanzu yana cikin abun da ya fi saurin ƙarewa a shafinsu.

Wanda zai saya ko zai sa a taho masa da shi, ya duba koren tambarin JAS in oganik yake so, ya duba ko an rubuta garin da aka noma da irin itacen, ya kuma sayi ƙananan ledoji maimakon babba guda. Zafi da haske da laima da warin kayan miya duk suna kashe shi, balle a zafi irin namu. Ledar da ba a buɗe ba a sa ta a firji, in an fito da ita a barta ta huce sanyin gaba ɗaya kafin a buɗe dan kar raɓa ta kama ganyen, wadda aka buɗe kuma a matse iskar a rufe gam a shanye cikin wata guda.

A zuwan nan na biyu ne suka kai ni wani sabon fegi da suka karɓa, na wani maƙwabcinsu ne da ƙafa ta hana shi hawa dutse, 'ya'yansa kuma suna birni, ya gwammace ya basu da ya zuba ido ya zama daji. Shi mai feshi ne har shekarar da ya bari, dan haka lissafin shekara ukun daga farko ya fara. Sun sare itatuwan ƙasa sosai dan su sake sabbin rassa, sun shimfiɗa ciyawa sun zuba tunkuza, kuma ɗan Kawu yace shekarun farkon nan su ne mafi wuya saboda itacen ya saba da takin zamani ga ƙwarin da ke cin 'yan uwansu basu dawo ba tukunna. Ganyen da za a yanka a can a ƙarshen rana za a dinga sarrafa shi bayan an gama da sauran, a wanke injuna, a zuba shi a leda dabam a rubuta a fayil dabam har lokacin ya cika.